Ga ƙanena mai son zuwa Jamus karatun nukiliya

Saƙonka ya iso ta hannun Yaya. Ka ce ka gama injiniyan kanikanci a BUK, kana son in samo maka farfesa da gurbin digiri na biyu a "fannin nukiliya", har kana tambayar ko albashinmu ya fi na kamfanin mai. Ba kai ne na farko daga Kano da ya aiko min wannan tambaya a bana ba, kuma har yau ba wanda ya tambaye ni mene ne aikin da nake yi. To bari in gaya maka ko ba ka tambaya ba.

Ni ban taɓa riƙe yuraniyam ba. Aikina iska ce. Idan tukunyar nukiliya ta rasa ruwan sanyaya, ƙarfen zakoniyam da ya lulluɓe makamashin yakan yi zafi har ya haɗu da tururi ya haifar da iskar haidirojin. Iskar nan ba ta da nauyi, sama take yi, kuma da ta kai kashi 4 cikin ɗari a cikin iska za ta iya kamawa da wuta. Ita ce ta tarwatsa gine-gine a tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan a watan Maris na 2011. Ka lura da tukunya ta 4: babu makamashi a cikinta a lokacin, amma gininta ya fashe, domin iskar ta biyo bututu daga ta 3. Saboda haka tambayar da muke kwana a kanta ita ce: iskar nan daga wane ɗaki za ta bi zuwa wane, kuma ina za ta taru?

Ginin da ke killace tukunyar ɗakuna ne birjik, da ƙofofi da ramuka a tsakaninsu. Ka tuna kicin ɗin Hajiya in an hura icce: hayaƙi na fita ta saman ƙofa, iska mai sanyi na shiga ta ƙasanta, ƙofa ɗaya, hanya biyu. Nan ne manhajojin kwamfuta da muke lissafin haɗari da su, irin su MELCOR ta Amurka da COCOSYS ta Jamus da ASTEC ta Faransa, suke ba mu wahala. Suna ɗaukar kowane ɗaki a matsayin dunƙule guda, zafi ɗaya, haɗin iska ɗaya, kuma hanyar da ta haɗa ɗaki biyu gefe ɗaya take kai iska a lokaci guda. In ka bar ta haka, ko dai iskar mara nauyi ta maƙale a ƙasa, abin da ba ya faruwa a zahiri, ko kuma manhajar ta cakuɗa komai ta nuna maka babu haɗari, alhali haidirojin ya yi shimfiɗa a ƙarƙashin rufi. Na biyun ne ke hana ni barci, domin sakamakon kyau yake yi a ido. Sai ka raba ƙofar kashi biyu a cikin manhajar, ko ka yanka ɗakin hawa-hawa, sannan ka kwatanta da gwajin gaske, irin wanda ake yi a wuraren gwaji na THAI nan Jamus da PANDA a Suwizalan, inda sau da yawa ake sa heliyam a madadin haidirojin don kada a ƙone wurin. Watanni ake yi a kan ƙofa ɗaya. In kai mai gaggawa ne, wallahi ka nemi wani fanni.

Yanzu abin da ya fi min ciwo. Koren fasfo yana da nauyi a wannan fanni. Wasu manhajojin ba a ba kowa, sai ƙasarka na da yarjejeniya da masu su. A wata cibiya da na zauna, yaran da suka zo bayana, waɗanda ni na koya musu lissafin, an buɗe musu komai nan take, ni kuwa ina jiran takardar izini kamar mai laifi. Ba wanda ya zage ni, murmushi ma ake min, amma ƙofar a rufe take. Na koma OpenFOAM, manhajar lissafin motsin ruwa da iska wadda kyauta ce, na ci ta ciki da bai, kuma yau in lissafi ya ƙi daidaita ni ake nema. Ingila ma sai ka sami takardar ATAS, wato izinin karatun fannoni irin wannan, kafin biza.

Sannan ka san Jamus ta kashe tashoshinta na nukiliya uku na ƙarshe ranar 15 ga Afrilun 2023? Binciken tsaro yana nan, amma guraben kaɗan ne. Kuma kafin biza za a nemi ka zuba Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, adadin da aka sa tun 2024. Ka buga shi da Naira, ka kai wa Baba lissafin da kanka, kada ka bar min wannan aikin. Batun sanyi da abinci ba sai na faɗa ba.

Farfesa kuwa ba a samo wa mutum shi kamar kujerar Makka. Abin da za ka iya yi kana zaune a Kabuga shi ne ka sauke OpenFOAM a kwamfutarka, ka gina ɗaki biyu ɗaya bisa ɗaya da rami a tsakani, heliyam a ƙasa, iska a sama, ka ga yadda suke musanya wuri. Ka sake bitar darasin motsin ruwa da iska da na tafiyar zafi. Ka hau mota ka je Zariya: cibiyar binciken makamashi ta ABU, wato CERT, tana da ƙaramar tukunyar bincike, NIRR-1, tun 2004, kuma wasiƙar malami daga can ta fi tawa amfani a wurin masu tantancewa.

In ka yi lissafin ɗakunan nan, turo min hotunan sakamakon da bayanin abin da ka gani. A kan wannan ne zan yanke ko zan sa sunana a bayanka. Ka gaida Hajiya da Baba.