Amsoshin tambayoyinku: masu shirin zuwa Riyo de Janero

Maigidana zai je taro Riyo, a Birazil, zan raka shi. Abinci da sallah ne suka hana ni barci. Wata 'yar'uwa daga Zariya.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba za ki kwana da yunwa ba. Ki nemi gidajen abincin da ake aunawa a sikeli, waɗanda suke kira "a quilo": ke za ki zuba abin da idonki ya gani, ki biya gwargwadon nauyinsa. Kifi da shinkafa da ganye duk akwai. Inda za ki lura shi ne wake. Feijoada, abincin da suke alfahari da shi, da naman alade ake dafa shi, kuma soyayyen garin rogonsu, farofa, sau da yawa da kitsen alade a ciki. Ki riƙe kalmar "porco", ki tambaya kafin ki zuba. Caipirinha da ake yawo da ita a bakin teku giya ce ko da ta yi kama da lemo. Ki sha ruwan kwakwa. Akwai masallaci a unguwar Tijuka, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana zuwa unguwar.

Lokacin Kanibal zan fi samun otal mai araha? Wani matashi daga Kano.

Haba! Wa ke neman rago mai araha ana gobe Layya? Kanibal, babban bikinsu na raye-raye a Fabrairu ko Maris, da daren sabuwar shekara a bakin tekun Kopakabana su ne ƙololuwar tsada. Ka je tsakanin Afrilu da Yuni, zafi ya sauka, jama'a sun ragu.

An ce duwatsu masu daraja na da arha a can. Ina so in sayo wa iyali, in kuma gwada sari. Alhaji, daga Maraɗi.

Alhaji, gaskiya ne Birazil na haƙo tofaz da ametis da akwamarin, musamman a jihar Minas Gerais. Amma wanda ya tare ka a titin Kopakabana da duwatsu a ƙunshin takarda, ka ɗauka gilashi ne mai launi ko dutsen da aka rina. Ido ba ya rabewa. Ka shiga kanti mai rajista, akwai su a unguwar Ipanema, ka karɓi takardar shaidar dutsen mai nauyinsa da kuma rasiɗin da suke kira "nota fiscal". In babu takarda, ka bar kuɗinka a aljihu. Haka rigar ƙwallo da takalmin Havaianas: a kasuwar Uruguaiana jabu sun yi yawa, na gaske kuwa suna nan a shagunan kamfanin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sakacin mutanenmu da kuɗi da katin banki. Mutumin da zai yi rabin awa yana tayin atamfa a gida, sai ya je bakin teku ya zauna a kujera, a kafa masa laima, a kawo masa gasasshen jatan lande, bai tambayi farashin ko ɗaya ba! Bayan ya ci ai babu sauran ciniki. Sannan wasu masu talla sukan ƙara sifili a na'urar cire kuɗi, real (kuɗin Birazil) 30 ya zama 300 ko 3,000, su rufe allon da yatsa ko su ce hasken rana ya hana gani. Ka tambayi farashi tun kafin ka zauna. Ka karɓi na'urar a hannunka, ka karanta adadin, sannan ka sa lambar sirri. Mafi alheri ma ka fito da 'yan canji daidai na wunin, kati da fasfo da agogon zinare su zauna a otal. Tikitin hawa dutsen Korkobado da na motar igiya mai zuwa dutsen Pão de Açúcar, a wurin hukumarsu ake saye, kada ka karɓa hannun ɗan kamasho. Gidan abinci kan ƙara kashi 10 cikin ɗari ladan hidima, wannan al'adarsu ce, ka sa shi a lissafi. In kuma an riga an cuce ka, akwai ofishin 'yan sanda na baƙi a unguwar Leblon. Ka je da rasiɗi, ka kira bankinka ya toshe katin a ranar.