Namiji da tukunya: amsar Kawu

Ɗana, saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake. Ka ce kana son girki ya zama sana'arka, ka gaya wa babanka, ya dube ka ya ce "wanga aikin mata na", ya saka takalmi ya nufi masallaci. Abokanka kuma har sun fara tsokanarka da ɗan daudu. Shi ne kake tambaya ko da gaske al'adarmu ta hana namiji girki.

Ba ta hana ba. Abin da ta yi shi ne ta raba wuta gida biyu. Wutar cikin gida ta mata ce, kuma ba wahala kaɗai ba ce a wurinsu, iko ne. Matar da ke da girki a gidan kishiyoyi ita ke da maigida ranar, ita ke rabon tuwo, ita ake tambaya. Namijin da ya kutsa madafa yana buɗe tukunya ya shiga hurumin da ba nasa ba, shi ya sa ake kiransa mai ƙwauro ko na-mamajo. Wutar waje kuwa tun kaka da kakanni ta maza ce. Wa ka taɓa gani a gaban tukubar tsire? Wa ke balangu, wa ke kilishi, wa ke soya maka ƙwai a teburin shayi da asuba? Ka je ka tsaya wurin mai kilishi da hantsi ka ga aiki. Zai ɗauki tsoka guda ya yi ta warware ta da wuƙa har ta zama shimfiɗa, ka ɗaga kana hango rana ta cikinta, bai huda ko'ina ba. Ya shanya, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, sannan ya nuna mata wuta kaɗan. Yaron da ke kora masa ƙuda sai ya shekara yana kallo kafin a miƙa masa wuƙar. Wannan sana'a har sarautarta gare ta, Sarkin Fawa, kuma ban taɓa jin an kira mahauci mace ba.

Kuku mai albashi shi ne baƙo a wurinmu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 suka zauna da kukunsu da boyi-boyinsu, daga nan barikin soja, asibiti da makarantun kwana duk suka ɗauki maza masu dafa abinci. Babanka kansa tuwon Baba kuku ya ci har ya gama sakandare, in ya manta zan tuna masa. Sai dai mutanen gari sun ɗauki aikin a matsayin barantaka a gidan Nasara, kuma wannan ƙyamar ba ta gama fita ba. Ɗaya abin da ya ɓata wa sana'ar suna shi ne tasha. A nan 'yan daudu suka riƙe suyar kaji da sayar da tuwo, mutane suka haɗa tukunyar da halin masu ita. Don haka in dattijo ya ji namiji zai yi girki, hoton tasha ke faɗo masa, ba farar riga da hula a kicin ɗin otal ba. Tsoron babanka ke nan, kuma kada ka raina shi, tsoron mai ƙaunarka ne.

Ta fuskar addini ba ka da matsala. Ya zo a Bukhari cewa an tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) ke yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa. A nan kuma aka ruwaito cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci da aikin hannunsa. Babanka ya fi ni sanin waɗannan, saboda haka kada ka kuskura ka je kana ja masa hadisi.

Yanzu bari in yi maka magana a matsayina na tsohon duba-gari, wanda ya shiga bayan gidajen abinci fiye da yadda ya zauna a gabansu. Iya girki daban, sana'ar girki daban. Innarka ta fi duk wani kuku da na sani iya miyar sure, amma da ido take awo, kuma bakin mutum goma take ciyarwa. Kai za a ce maka ga ɗaurin aure, mutum ɗari biyar, dafa-duka da kaza, ƙarfe biyu na rana. Dole tukunyar farko da ta ƙarshe su zo da ɗanɗano ɗaya. Dole ka san tiya nawa ta shinkafa, lita nawa ta mai, albasa nawa, gas ko itace na nawa, ladan yara nawa, kafin ka buɗe baki ka faɗi kuɗin kwangila. Da yawa da suka karye a wannan sana'a hannunsu na da daɗi, lissafi ne ya kayar da su.

Sai tsabta, wadda a garinmu ba ado ba ce. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Shinkafar da aka dafa da asuba aka danne a kula har la'asar, da ka ɗaga murfin za ka ga gumi ya taru yana ɗiga, ƙasanta ya fara yauƙi, wani tsami-tsami na tashi. Na sha ganin an juye irinta a faranti an yayyafa mata soyayyar albasa an kai wa baƙi, da dare gida guda na amai da gudawa. Ƙa'idar da za a koya maka ita ce abin sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, abin zafi sama da 60, tsakanin nan kuwa gonar ƙwayoyin cuta ce. Ga kuma ɗauke wuta, firji ya kwana a mace, naman ciki ya saki ruwa, da safe wuta ta dawo ya sake daskarewa kamar ba abin da ya faru. Katakon da aka yanka ɗanyar kaza a kai ba a yanka latas da kabeji a kansa. Wanda ya zubar da tukunyar da yake shakka ya yi asarar rana ɗaya, kuma ni irin wannan kukun kaɗai nake cin abincinsa.

Batun koyo, tunda ba gado ka yi ba, haye za ka yi, to ka haɗa biyu: maigida da takarda. Al'adarmu ta koyon sana'a ba ta canza ba ko a otal. Za ka fara da wanke-wanke, ferayar dankali da yankan albasa har idonka ya saba, kana tsaye tun safe har dare, a yi maka tsawa a gaban yara ka haɗiye. Ranar Sallah da kowa ke yawon gaisuwa kai kana bakin wuta. Da azumi za ka dafa abin buɗa-baki da ƙishirwa a wuyanka, ga shi malamanmu na Malikiyya sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana gishiri, sai ka koyi yarda da ma'auninka. Takarda kuma ita ke bambanta ka da yaron kicin in an zo ƙarin girma. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna na koyar da harkar abinci da otal, difloma shekara biyu, babbar difloma wasu biyu. Akwai NIHOTOUR, cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta gwamnatin tarayya, a Bagauda ta jihar Kano, akwai kuma jarrabawar sana'ar girki ta NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i ta ƙasa. In aiki ya kai ka manyan otal na Abuja ko Legas, tun ranar ganawa ka tambaya ko ana dafa naman alade ko zuba giya a miya, ka faɗi matsayinka kafin ka sa hannu, ba bayan ka karɓi albashi ba.

Wata shawara tawa ta kaina: kada zumuɗin abincin Turawa da na Sin ya sa ka raina namu. Baƙon da ya sauka a Sakkwato masa yake nema, da tuwon shinkafa, da hura mai kyau, da naman jar akuya. Mai iya fitar da waɗannan da tsabta, a kan lokaci, kullum iri ɗaya, ba zai rasa kasuwa ba. Ka zauna kusa da innarka ka auna abin da take zubawa da ido, ka rubuta a littafi.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar neman aure za a tambayi sana'arka, kuma akwai gidan da za su yamutsa fuska, kamar yadda har gobe wasu ke yi wa mahauta da wanzamai. Akwai kuma gidan da abin da za su bincika shi ne sallarka da ko za ka iya riƙe 'yarsu. Wannan ka shiga da saninsa.

Game da babanka, ka daina tayar da maganar da kanka. Ɗa ba ya jayayya da uba, manya yake turawa. Ranar Juma'a bayan an sauko zan shigo wurinsa, kai kuma kada in tarar da kai a zaure. Kafin nan ka samo mini sunan makarantar da kake so, kuɗinta, da wurin da za su karɓe ka koyon aiki lokacin hutu, don na san abin da zai fara tambayata ke nan. Ka gaida innarka da ƙannenka.

Kawunka.