Amsa ga mai tambaya kan kwas ɗin PHE da aka bai wa ƙanensa

Malam, na ga tambayarka cewa jami'a ta bai wa ƙanenka gurbi a fannin motsa jiki da lafiya, wanda muka fi sani da PHE, amma mutanen gida na cewa kuɗi za a zubar a kan buga ƙwallo. Kwas ɗin nan na karanta, kuma shekarata 11 ina koyar da shi a wata sakandare a nan cikin Katsina.

Ranar farko da takalmin gudu na tafi aji, ina zaton fili za a kai mu. Sai ga malami ya shigo da ƙwarangwal na roba, ya ce kafin ƙarshen zango kowa sai ya san ƙasusuwa 206 na jikin baligi da inda kowanne ya haɗu da ɗan'uwansa. Daga nan aka shiga tsoka, da numfashi, da bugun zuciya, har da lissafin nan na cire shekarun mutum daga 220 don a ƙiyasta iyakar bugun da zuciyarsa za ta kai a minti ɗaya. Shi kansa filin aji ne. Mu muke ɗaukar awo mu zuba farar ƙasa, kuma a nan na gane abin da ya sa ba a jera masu tseren mita 400 kafaɗa da kafaɗa: layin ciki ne kaɗai mita 400, na waje ya fi shi tsawo, shi ya sa ake turo na waje gaba.

Amfanin karatun na fara ganinsa ne a wata gasar wasanni, cikin zafin Afrilu, lokacin da rana kan wuce digiri 40 a garin nan. Wani yaro ya gurɗe a idon sawu. Nan take abokansa suka kama ƙafar za su ja, wani na neman ruwan zafi da man zafi, wani na kiran a tafi wajen mai ɗori. Da ƙyar muka ƙwace shi. Muka ɗaga ƙafar, muka sa ƙanƙara cikin tawul kamar minti 20, muka naɗe, sannan aka kai shi asibiti a ɗauki hoto, domin targaɗe da karaya ba a rabe su da ido. Zafi a kan sabon targaɗe ƙara kumburi yake yi. Har yau ina fama da iyayen ɗalibaina a kan wannan magana.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka taka ka ga wurin wasannin makarantar da idonka. Inda na yi karatu akwai ɗakin motsa jiki mai kyau, amma makullin na aljihun mutum ɗaya, in ya tafi ƙauye sai mu yi mako muna leƙe ta taga. Ka duba ko akwai ruwan sha kusa da fili, ko akwai akwatin taimakon gaggawa da kaya a ciki, ko mata na da lokacinsu na daban. Ka tambayi 'yan aji uku, kada ka tsaya a ofis. Ka ji kuma ko makarantar na zuwa NUGA, gasar jami'o'in ƙasar nan da aka fara a Ibadan a 1966.

Batun aiki kuwa ba zan ɓoye maka ba, yawancinmu alli muke riƙewa. Wasu kan shiga hukumar wasanni, wasu koyar da 'yan wasa, kuma mai son wannan sai ya ƙara kwas a cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Surulere a Legas. Wani abokin karatunmu masu ciwon suga da hawan jini yake kai wa atisaye da sassafe a kewayen filin wasa na Karkanda a nan Katsina, da shi yake cefane. Amma kada wani ya ce wa yaron zai fito likitan gashin ƙashi. Wancan kwas ne daban, a ɓangaren kiwon lafiya ake yinsa, kuma takardar PHE ba ta ba shi izinin wannan aikin. In can ransa yake, gara ya sake zana JAMB tun yanzu. Shi ka tambaye shi wanne yake so, ko kuwa kawai abin da aka ba shi ne ya karɓa?