Kafin ka rataya wa shanun nan komai a wuya

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka kashe kuɗinka. Ka ce kana so ka sa wa shanunmu da ke ruga na'urar nan mai aiko da labarin inda dabba take ta hanyar ƙananan taurarin ɗan'adam, kana son sanin ko hakan ya saɓa wa al'ada, ko mai kiwonmu zai ɗauka zarginsa muke yi.

Bari in fara da abin kansa, don na lura kana masa kallon idon da ba ya barci, alhali ba haka yake ba. Sanda nake aikin wayar tarho, tauraron da muka sani ƙato ne, yana can nisan kilomita kusan 36,000, yana tafiya daidai da juyawar duniya har ka ce a tsaye yake. Irinsa ne NigComSat-1R na Najeriya da aka harba daga ƙasar Sin a 2011. Waɗannan da kake magana a kansu kuwa 'yan mitsi-mitsi ne. A 1999 malaman jami'o'i biyu a Kalifoniya suka tsayar da ma'auninsu, ɗan akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, ana iya jera uku ko shida a haɗe. Ko ɗaliban jami'ar fasaha ta Akure sun haɗa nasu tare da wata jami'a ta Japan, ya tashi a 2017. Ƙananan taurarin nan suna bin ƙasa-ƙasa, kilomita 500 zuwa 600 da 'yan kai, minti 90 da ɗoriya sun zagaye duniya. Kusancin nan ne ya sa ɗan batirin da ke wuyan saniya ke iya kai saƙo gare su. To amma cikin 'yan mintuna tauraron ya gifta saman ruga ya wuce, ya riƙe saƙon sai ya bi ta kan tashar da zai sauke, kamar direban motar kasuwa da aka ba wasiƙa. Saƙon ma gajere ne ƙwarai: lambar saniya, wurin da take, da lokaci. Babu hoto, babu murya. Ƙarfinsa ɗaya ne, ba ya neman sabis ɗin waya, kuma wanda ya ga yadda aka katse layuka a Zamfara a watan Satumba na 2021 ya san darajar wannan.

Yanzu ga tambayarka. Sa wa dabba shaida ba baƙon abu ba ne. Kakanka tsaga biyu yake yi a kunnen hagu, wasu lalas suke yi a cinya, kuma da wannan ake cigiya a kara idan saniya ta ɓata, dillalai su baza ido. Ba wanda ya taɓa jin haushin tsaga, domin a gaban mai kiwo ake yin ta, sau da yawa ma da wuƙarsa.

Abin da ake ƙi shi ne bin diddigi. Kiwon nan amana ce da ta fi takarda nauyi. Shi ya sha nono, mu mu kai kanwa da dusa da kayan sallah, in saniya ta mutu ya kawo fata ko ya faɗa da baki, a ce Allah ya mayar da alheri, magana ta ƙare. Kuma ba a ƙirga shanun Bafulatani da yatsa a gabansa. Tun zamanin jangali ƙirga ta zama abin ƙi. Ni na taɓa yin wannan wautar. Ina sabon ma'aikaci na je ruga da littafi da biro, ina nuna su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Mahaifin wannan da ke mana kiwo yanzu bai ce uffan ba, har fura ya sa aka dama mini. Washegari da hantsi sai ga shanunmu duka a ƙofar gida, ya ce wa kakanka ga amanarsa nan ya dawo da ita. Sai da kakanka ya taka har ruga sau biyu, da goro, kafin ya yarda ya karɓa.

Saboda haka in za ka sa, kada ka aika yaro da kwali. Ka zo da kanka, ku zauna, ka ce masa saboda ɓarayi ne, kuma gaskiyar ke nan. Ka bar shi ya zaɓi shanun da za a sa wa, don shi ya san uwar garke da sauran ke bi. Biyu ko uku sun isa. Labarin kuma ya riƙa shiga wayar ɗansa kamar yadda yake shiga taka. In ya ce a'a, ka bar maganar zuwa wata shekara. Kuma kada ranar da ka ga sun nausa wani wuri ka ɗauki waya kana tambayar dalili, mai bin ciyawa da ruwa ba ya neman izini daga Kaduna.

Abu biyu suna damuna. Ɓarawo ba wawa ba ne, abin da zai fara yankewa ke nan. Sannan sanin inda garke ke kwana sirri ne a wannan zamani, kada ka riƙa nuna taswirar a majalisa don burgewa. Ka kuma bincika kamfanin da kyau. An taɓa yin wani na Amurka, Swarm, mai taurari kamar tafin hannu, dala 5 kacal a wata. Kamfanin SpaceX ya saye shi a 2021, zuwa 2023 aka daina sayar da na'urorinsa. Ka tambayi mai sayar maka taurarin wa abin nasa ke amfani da su, sau nawa saƙo ke zuwa a yini, kuma wa zai canja batir in shanu suna mashekari.

In za ka zo, ka zo ranar Alhamis mu kwana, Juma'a bayan an sauko mu wuce ruga tare. Ka taho da ƙwaryar goro da buhun kanwa. Na'urar ka bar ta a mota tukuna. Ka gaida mai ɗakinka da yara.