Tabarau na Karatu: Wace Lamba Ce Tawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Gangare, Jos, shekarata 47. Tun bara zura zare a allura ya fara gagara ta, rubutun waya ma sai na miƙe hannu kafin in karanta, amma nesa ina gani tangaran. Zan iya sayen tabarau a wajen masu talla a Terminus? Wace lamba zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan ba ciwo ba ne, shekaru ne. A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wani ɗan madubi mai laushi da yake ƙara kauri duk lokacin da ka dubi abu na kusa. Daga shekara 40 zuwa 45 yake fara taurarewa, sai na kusa ya koma dishi-dishi. Kwalli ko zuma ba sa dawo da laushin nan, don Allah kada a ɗiga komai a ido.

Lambar tana jikin hannun tabarau ko a 'yar takardar da aka manna a gilashin. A ƙiyasi, mai shekara 40 zuwa 45 yakan buƙaci +1.00, mai 45 zuwa 50 +1.50, mai 50 zuwa 55 +2.00, daga nan kuma +2.50. Amma shekaru hanya kawai suke nunawa, nisan aikinka shi ne alƙali.

Ka tafi da allurarka da zarenka da wayarka. Riƙe su inda ka saba, wato santimita 35 zuwa 40 daga ido, ƙasa da kamu ɗaya kaɗan. Fara da ƙaramar lamba, ka riƙa hawa, ka tsaya a ta farko da ramin allura ya fito maka sarai. Kuskuren da muka fi gani shi ne ɗaukar babbar lamba don ta ƙara wa rubutu girma. Ga lissafin: raba 100 da lambar, abin da ya fito shi ne iyakar nisan da za ka gani da kyau. Da +3.00 ba ka wuce santimita 33, sai ka wuni a duƙe kan keke, wuya ya ƙage, kai ya yi ciwo. Da +1.50 kuwa har santimita 66 kana gani, ka ga allurar keke da teburin yanka duk sun shigo.

Sannan ka rufe ido ɗaya ka gwada, ka rufe ɗayan. Tabaran kasuwa lamba ɗaya ce a ɓangarorin biyu, kuma an kafa tsakiyar gilashin a kan faɗin fuska guda. Idan ido ɗaya na gani ɗayan na hazo, ko bayan minti 20 kai ya fara sarawa, ko rubutu ya rabu biyu, ajiye shi, naka sai an auna an yanka maka. Ka kuma ɗaga shi ka dubi gefen ƙofa ta cikinsa kana motsa shi a hankali. In layin yana yin igiyar ruwa, gilashin ba shi da inganci.

Abin da ya fi damun mu shi ne mutum ya sayi tabarau ya ce ai ya gama da ido. Hawan jinin ido, wato cutar da matsin ruwan cikin ido kan lalata jijiyar gani, yana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna shi ne na biyu wajen makantar da mutane a Nijeriya, bayan yanar ido. Je sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko wani asibitin ido, a auna ƙarfin ruwan idon, a leƙa jijiyar gani. In an ce lafiya lau, sayi na kasuwar hankali kwance.

Tambaya: Ni malamar Islamiyya ce a Anguwar Rogo. An ce in na fara sa tabarau idona zai mutu, shi ya sa nake ta haƙuri.

Amsa: Malama, ba haka ba ne. Madubin cikin ido zai ci gaba da tauri ko kin sa ko ba ki sa ba, shi ya sa lamba take ƙaruwa duk bayan shekara biyu ko uku, har ta tsaya wajen shekara 60 zuwa 65. Tunda kina duban littafi kina duban ɗalibai, nemi mai hawa biyu, sama na nesa ƙasa na kusa, ko siririn da yake zama a kan hanci ki riƙa leƙowa ta samansa. Kada ki yi tafiya ko ki sauka matakala da na karatu zalla. Lokacin hunturu kuma ki fara ɗauraye shi da ruwa kafin ki goge, don ƙura a bakin mayafi tana karce gilashin roba.

Tambaya: Mahaifiyata ta haura 70, kwanan nan ta ajiye tabarau tana karanta Alƙur'ani haka nan. Idon ne ya warke?

Amsa: Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, amma a kai ta awo. Sau da yawa wannan farkon yanar ido ne: tana sauya ƙarfin madubin, na kusa ya fito, na nesa ya dushe. Hawan suga ma yana kawo irin wannan sauyi, don haka a gwada mata jini a rana guda.