Game da yaron da aka mayar bencin baya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko zaton da malami yake yi wa yaro yana canza yadda yake tafiyar da shi, tunda an mayar da ɗanki bencin baya bayan malaminsa ya ce ba ya ganewa. Na yi shekara 22 ina koyarwa a firamare, kuma amsata ita ce yana canzawa ƙwarai, sau da yawa ma malamin bai san yana yi ba.

A ajin da ya cika maƙil, idon malami kan sauka ne kan waɗanda ya riga ya yanke cewa za su amsa. Idan ɗayansu ya yi shiru, sai a jira shi, a sauya masa tambayar, har a ɗan nuna masa hanya. Wanda kuwa aka laƙaba wa daƙiƙi, kafin ya buɗe baki an ce masa ya zauna. Abin da ya fi damuna shi ne hukuncin yakan fara daga ofishin malamai, inda ake cewa "ai ƙanin wane ne, duk gidansu haka suke", tun yaron bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Ni kaina na taɓa yi wa wani yaro wannan zato tsawon zango guda, sai daga baya na gane Fulatanci yake ji a gida, Hausar ma lokacin yake koyonta, balle Turanci.

A Amurka, wasu masu bincike, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, sun gwada wannan a wata firamare ta jihar Kalifoniya, suka buga sakamakon a 1968. Sun zaɓi kusan kashi 20 cikin 100 na yaran ta hanyar ƙuri'a, suka gaya wa malamai cewa waɗannan za su bunƙasa a shekarar, sai ga shi sun fi sauran yaran ci gaba, kuma bambancin ya fi fitowa a aji ɗaya da aji biyu. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara ɗauka ba, amma ya fi ƙarfi kan yaran da dama ake raina su.

Saboda haka ki je makarantar da kanki, ba da faɗa ba, da littattafan aikinsa a hannu. Ki roƙi malamin ya nuna miki ainihin abin da yaron ya kasa, karatu ne ko lissafi, sannan ya dawo da shi gaba na zango ɗaya yana yi masa tambaya kullum. Ki kuma kai shi a duba idonsa da kunnensa kafin a koma hutu.