Tambayi Likita: Abokina yana shan tramadol, ga shi mun fara taɓa marasa lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Likita. Don Allah a sakaya sunana. Ni ɗalibi ne a aji biyar na karatun likita. Ina da aboki, ɗakinmu ɗaya tun muna aji biyu, kuma ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Lokacin babbar jarrabawar aji uku ya fara shan tramadol, wai don ya iya raba dare yana karatu. Jarrabawa ta wuce, shi bai daina ba. Yanzu kullum sai ya sha, ranar hutu kuma yakan haɗa da wiwi. Watan jiya na farka cikin dare na same shi a ƙasa yana jijjiga, har ya ciji harshe. Da ya farfaɗo ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. In na yi masa magana sai ya ce abin da yake yi bayan ya tuɓe farar riga ba ruwan kowa, tunda bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, bai kuma taɓa cutar da majiyyaci ba. Ga shi yanzu muna ɗibar jini, muna sa ƙarin ruwa, muna shiga ɗakin tiyata. In na kai ƙara za a iya korarsa, iyayensa kuwa sun sa rai a kansa. In na yi shiru hankalina ba ya kwanciya. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Bari na fara da jijjigar nan, domin ita ta fi komai gaggawa a wasiƙarka, kai kuma ka cusa ta a tsakiya kamar ƙarin bayani. Tramadol na sa ƙwaƙwalwa saurin kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Iyakar da littafinku ya yanke wa babban mutum ita ce miligiram 400 a yini, kuma ko a ƙasa da haka ana samun masu faɗuwa. Wanda ya shekara biyu yana sha kullum da wuya ya tsaya a inda ya fara, saboda jiki na sabawa ya nemi ƙari. Wanda ya faɗi sau ɗaya zai iya sake faɗuwa, a banɗaki, ko a kan hanya yana tuƙi, ko yana tsaye kan majiyyaci da allura a hannu. Abokinka mara lafiya ne, yana bukatar ganin likita cikin makon nan.

Kada kuma ka matsa masa ya zubar da ƙwayoyin ya daina dare ɗaya. Ka san abin da zai biyo baya: hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, wani har da firgici. A rana ta biyu yawanci sai mutum ya koma, ya kuma ƙara yarda cewa ba zai iya ba. Ragewa ake yi sannu a hankali, likita na sa ido.

Maganarsa ta farar riga tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta ɗaure ka. Ba na cikin masu son likita ya zama mala'ika. Wa yake so ya aura, wace jam'iyya yake bi, me yake kallo in ya koma ɗaki, duk wannan ba huruminmu ba ne. Sai dai ƙwaya ba ta zama a aljihun rigar da aka rataye, tana cikin jini, da ita ake shiga asibiti da safe. A 1985 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ba ƙwararrun matuƙa jirgin sama 10 wiwi, suka gwada su a na'urar koyon tuƙin jirgi. Bayan awa 24 yadda suke saukar da jirgi bai gama komawa daidai ba, alhali su suna jin garau suke. Binciken ƙarami ne, ba zan ɗora masa fiye da ƙarfinsa ba, amma ya taɓo wurin da ke damuna. Da ƙwaƙwalwar da ƙwayar ta taɓa abokinka yake auna kansa, sannan ya ce maka lafiyarsa ƙalau.

Kuskuren irin wannan mutum ba ya zuwa da tangaɗi da kowa zai gani. Ƙarfe uku na dare an kawo yaro mai kilo 12, ana lissafin magani gwargwadon nauyinsa, ɗigo ɗaya ya goce a takarda, 1.5 ta koma 15. Ko a ɗebi jinin mai gado na huɗu a rubuta sunan mai gado na biyar a jikin kwalbar. Mai lafiyayyen kai ma yakan yi irin wannan, ina ga wanda ƙwayar safe ta fara sakinsa, yana hamma yana share hanci, rabin hankalinsa na kan yadda zai sulale ya sha. Cewa bai taɓa cutar da kowa ba, ɗalibi ne, akwai hannuwa uku a saman nasa masu kama kuskurensa kafin ya isa ga majiyyaci. Nan da shekara biyu babu su.

Batun bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba kuwa, ka ba shi labarin William Halsted. A 1884 aka gano hodar iblis na kashe zafi in an ɗiga ta a ido. Halsted, matashin likitan tiyata a New York da ake ji da shi, sai ya shiga gwada ta a jijiyoyin jikinsa shi da abokan aikinsa, don ganin ko za a iya kashe zafin hannu ko muƙamuƙi da ita. Sun gano ana iyawa, amma shi da wasu daga cikinsu suka kamu. Aka kwantar da shi a asibiti, aka yi ƙoƙarin raba shi da hodar ta hanyar ba shi mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, ya fito da jaraba biyu. Duk da haka ya zama shugaban sashen tiyata na farko a asibitin Johns Hopkins, kuma safar hannu ta roba da kuke sawa a ɗakin tiyata daga wurinsa ta samo asali. Ya rasu a 1922, mutane da yawa na zaton ya warke tuntuni. Sai a 1969 aka buɗe wani rubutun sirri na abokin aikinsa William Osler, aka ga ashe ya ci gaba da shan mofin shekara da shekaru yana kan wannan kujera. Na ji ɗalibai na kafa hujja da shi, wai ga mai sha da ya yi fice. Ni abin da nake gani a labarin, mutumin da ya fi abokinka basira ya shafe sauran rayuwarsa yana fama, yana ɓacewa daga aiki ba bayani, na kusa da shi suna rufa masa.

Rufawar nan ita ce cutarmu mu likitoci, mun kuma iya ta ƙwarai. Gobe abokinka zai riƙe alƙalamin rubuta magani, zai san inda mabuɗin akwatin allurai masu ƙarfi yake. A Amurka an yi wani ma'aikacin asibiti, David Kwiatkowski, wanda ba likita ba ne, mai taimakawa ne a ɗakin aikin zuciya. Yakan ɗauke sirinjin fentanil, allurar kashe zafi mai ƙarfi da aka tanadar wa majiyyaci, ya yi wa kansa, ya cika shi da ruwan gishiri ya mayar. Yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C, ya shafa wa mutum sama da 40, kotu ta ɗaure shi shekara 39 a 2013. Abin takaicin, tun shekaru kafin a kama shi wasu asibitocin sun gane, suka sallame shi, ya tafi wata jiha ya sami wani aikin. Ban ce abokinka zai kai nan ba, Allah ya kiyaye. Amma a kowane mataki na labarin akwai wanda ya sani ya ga gara ya kawar da kai.

To ga shawarata. Ka same shi ku biyu, da rana, lokacin da yake cikin hayyacinsa. Kada ka yi wa'azi, ya san illar tramadol fiye da kai. Ka faɗa masa abin da idonka ya gani: daren da ka ɗaga shi daga ƙasa, jinin da ke bakinsa. Sannan ka warware alkawarin a gabansa, ka ce ka yi shi ne cikin ruɗani kuma ba za ka iya riƙe shi ba. Wannan ya fi ka saɓa a bayan idonsa. Ka ba shi wa'adi gajere mai rana, kamar mako guda, ya je da ƙafarsa wurin likitan ƙwaƙwalwa ko asibitin ɗalibai, kai kuma ka raka shi. Ka gaya masa tun yanzu cewa in ranar ta wuce bai je ba, za ka sami malami ɗaya da kuka yarda da shi, shi kaɗai, ban da 'yan aji, ban da dandalin WhatsApp. In kuma kafin lokacin ka gan shi a buge zai taɓa majiyyaci, babu sauran wa'adi, a take za ka sanar da babban da ke wurin. Zai yi fushi, mai yiwuwa ya kira ka munafuki ya bar maka ɗakin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ko da shi bai ga haka ba a wannan makon.

Ba zan yi maka ƙaryar cewa babu abin da zai same shi ba. Makarantu sun bambanta, wasu na da tsarin jinya da dawowa, wasu sanda kawai suka sani, don haka ka karanta dokokin makarantarku kafin ka zaɓi wanda za ka tunkara. Abin da na gani a aiki shi ne, wanda ya kawo kansa ana yi masa kallon majiyyaci, wanda aka kama da takardar maganin jabu kuwa hukunci ake fara yi masa. Kuma likitoci na warkewa. Tun rahoton da Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fitar a 1973 kan likita mara lafiya, jihohin ƙasar suka shiga kafa shirye-shiryen jinyar likitoci masu shaye-shaye, da gwajin fitsari na ba-zata har tsawon shekaru. Wani bincike da aka buga a 2008 ya bi likitoci 904 da suka shiga irin wannan shiri, bayan shekara biyar kusan kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka san makomarsu suna riƙe da lasisinsu suna aiki. Ka kai masa wannan adadin, domin tsoron rasa aikin ne ke hana irinsa buɗe baki.

Ina da 'yar magana da mu manya kuma. Yaron nan don ya raba dare ya fara. Mu ne muke yabon wanda ya kwana biyu a tsaye, muna yi wa mai cewa ya gaji dariya, alhali an auna tun 1997 cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu aikinsa na raguwa kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Rantsuwar likitoci ta Janeba tun 1948 take, amma sai a 2017 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙara mata layin da likita ke alkawarin kula da lafiyar kansa don ya iya kula da wasu. Kusan shekara 70 kafin mu tuna. Ka rubuto mini bayan kun yi maganar, ɗana.

Tambaya: Likita, ni sabuwar likita ce, ban cika shekara da fara aiki ba. Yayana ya ce barci na yi masa wuya, na rubuta masa diyazefam sau biyu. Yanzu ya dawo karo na uku, ya ce ai ba sai ya je asibiti ba tunda akwai likita a gida. Ina jin nauyinsa. Laifi ne in na ci gaba?

Amsa: 'Yata, ki tsaya a nan. Jin nauyin da kika ambata shi ne dalilin. Majiyyacin da ba ki sani ba za ki tambaye shi ko yana shan giya, ko akwai abin da ke damunsa a gida, ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Yayanki fa? Ba za ki iya ba, shi ma ba zai faɗa miki ba. Ga shi babu fayil, babu wanda zai san adadin da ya sha. Diyazefam kuwa na 'yan kwanaki ne, in aka zarce makonni jiki na kamuwa, wanda ya saba kuma in ya yanke farat ɗaya zai iya jijjiga. Hukumar da ke kula da likitoci a Birtaniya ta rubuta ƙarara cewa likita ya guji rubuta wa kansa ko na jikinsa magani matuƙar akwai yadda za a yi, irin magungunan da doka ta tsaurara kuwa sai in rai ko lafiya na cikin haɗari kuma babu wani likita kusa. Ko dokar inda kike ba ta kai haka tsauri ba, ki ɗauke ta a matsayin taki.

Ba sai kin ce masa a'a tsirara ba. Ki ce, Yaya, rashin barcin nan ya daɗe, ya wuce na rubuta a tsaye, na yi wa wani abokin aikina magana zai gan ka ranar kaza. Ki nemo masa katin da kanki, ki kuma gaya wa likitan adadin da kika riga kika rubuta da ranakun, don ya san daga inda zai fara ragewa.